Ranar da Na Cire Dirowar Motar Mahaifinku

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami yau, kuma da niyyar miƙe wata magana da ta karkace a bakinku. Na sha jin ku, musamman kai Abdurrahman, kuna ba abokanku labari wai Baffanku Malam Haliru tausayina ya ji ya bar mini makullin motar mahaifinku. Ban taɓa tanka muku ba, don ba a gyara wa ɗa zance a gaban baƙinsa. Amma yanzu da gwiwa ta fara ƙin tashi, gara in rubuta yadda abin ya faru, kada in mutu ku cika jikokina da labarin tausayi. Ba wanda ya tausaya mini. Baffanku mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, amma a kan maganar mota ba ya da sauƙi ko kaɗan.

Kun san mahaifinku ne ya koya mini tuƙi, a shekaru biyun ƙarshe da ciwon suga ya cinye masa gani. Lokacin na riga na ajiye aikin ungozoma a asibiti. Yana zaune a gefena, ba ya ganin titi, amma da kunne yake jin kukan inji ya ce in sa giya ta uku. Ni na riƙa kai shi asibiti ina dawo da shi. Kafin ya rasu ya tara shaidu ya ce motar nan kyauta ce ya ba ni, ba ta cikin gado. Saboda haka ba wanda ya isa ya ce ba tawa ba ce. Sai dai gidanmu na Ƙofar Taramniya gidan malamai ne, kuma Malam Haliru, wan mahaifinku, shi ne babba. Maganarsa ba a tsallake ta. Kwana biyu da fitata takaba ya aika aka kira ni zaure.

"Hajiya Luba," ya ce, "mota taki ta, ban musa ba. Amma ƙarhe ba ya son hannun da bai san shi ba. Ki riƙe makulli. Ranad da taɓ ɓaci hannunki, ki kawo min shi nan, mu haɗa ki da direban gida shi riƙa kai ki inda kika so."

Na ce to, don abin da ake cewa ke nan. Amma na san ma'anar direban gida. Na ga matarsa Hajiya Ige ta shirya tun hantsi za ta gaisuwar mutuwa, tana zaune bakin ƙofa har la'asar, saboda direba ya kai Malam wurin karatu, daga nan ya ɗebo yara, daga nan ya tafi shan mai. Ni da na yi shekara talatin ina fita aiki da ƙafata, in dawo ina jiran a ga dama a kai ni gidan 'yata? Tun daga ranar na san makullin nan shi ne ƙafata, kuma na san kuskure ɗaya ya isa a karɓe shi.

To, ga kuskuren, kuma ni na yi shi da hannuna. Mai takaba ba ta kwalli, ba ta lalle, ba ta turare, wata huɗu da kwana goma. Ni kuwa kun san ni da turaren wuta, har mahaifinku yana tsokanata wai kaskona bai taɓa hucewa ba tun da aka kawo ni. Ranar da na fara shiga motar bayan takaba, abin da ya tarbe ni warin magani ne da warin asibiti, da ƙanshin rigarsa a jikin kujera. Na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na ce ba zan iya tuƙi cikin wannan ba. Sai na yi wa motar abin da muke yi wa tufafi a kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kasko don turara kaya. Kullum da safe in ɗebi garwashi a kasko, in ɗora a faranti, in ajiye a ƙasan kujerar gaba, in zuba turare mai danƙo, irin wanda aka dafa da sukari da mai. In rufe gilasai ruf, in kunna esi, na'urar sanyaya mota, don ya zagaya da hayaƙin ko'ina, in koma ɗaki in karya kumallo. Haka na yi tun lokacin sanyi har bazara ta shigo. Duk matar da na rage wa hanya sai ta yaba, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Da zafi ya kankama, irin zafinmu na Sakkwato da sai ka naɗe sitiyari da gefen mayafi kafin ka taɓa, sai esi ya fara gazawa. Fanka tana gurnani kamar za ta tashi sama, amma iskar da ke fitowa ba ta kai hucin bakin mutum ba. Na saci jiki na je wani gareji can nesa da unguwarmu. Bakaniken ko kofin shayinsa bai ajiye ba, ya leƙa ya ce kwamfiresa ce, sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, in bar ta mako guda. Mako guda! Motar da in ta yi sa'a biyu ba ta gindin dogon yaro sai Malam ya tambayi inda ta tafi. Na ce masa zan dawo, ban koma ba. Abin da na riƙa yi kuwa, yau in na tuna sai in yi wa kaina dariya. A gari ina tafe gilasai a sauke kamar kowa. Da na doso unguwa sai in ɗage su duka, in gyara zama, in wuce ƙofar zaure fuska a sake kamar mai shan sanyi, alhali zufa tana bin bayana har ƙugu. Mako uku ina wannan wahala.

Wadda ta fitar da ni ita ce Rifkatu, da kuke kira Maman Dauda. Mutuniyar Filato ce, mun yi shekara ashirin muna karɓar haihuwa a ɗaki ɗaya, ta tsare mini aiki ranar Sallah, in tsare mata ranar Kirsimeti. Wata rana na biya gidanta zan kai ta kasuwa. Ko minti biyu ba ta yi a ciki ba ta fara fifita da jakarta.

"Kai, Sista Luba, wannan ba mota ba ne, tanda ne. Za ki gasa ni ki kai wa wa?"

Na gaya mata komai, har maganar makulli. Ta kanga tafin hannu a bakin inda iska ke fitowa, sannan ta sunkuya ta kara kunne a jikin dirowar gaba, wadda ake ajiye takardun mota.

"Fanka yana aiki. Iska ne bai samu hanya ba. Yaushe kin canja filta?"

"Wace filta kuma?"

"Yana nan bayan wannan dirowa. Mai gidana da yana aiki kamfanin siminti na Kalambaina, farin ƙura na dutse yana toshe nashi kullum. Shi ya koya mini. Ko sukundireba ba ki bukata. Buɗe in cire miki yanzu yanzu."

Ta kai hannu, na riƙe hannun. Dalilina biyu ne. Na farko, tun da mahaifinku ya rasu ban taɓa buɗe dirowar nan ba, kuma na san abin da ke ciki. Na biyu, ɓoyon ya ishe ni. In Rifkatu ta gyara a ƙofar gidanta, na tsira yau, gobe wani abu ya sake lalacewa in koma ɗage gilashi kamar ɓarauniya da motata. Na ce mata ta zo gobe da hantsi, ta tsaya a kaina ta faɗa mini da baki, amma ni zan yi, kuma a gidanmu, a gindin dogon yaro inda kowa zai gani. Ta dube ni ta ce ashe har yanzu taurin kan nan yana nan.

Washegari na shimfiɗa zane mai tsabta a kujerar direba, na yi bisimilla na buɗe. Gilashinsa na karatu ne a sama, wanda ya daina amfani da shi amma ya ƙi yarda a jefar. Ga carbinsa, ga asuwaki ya bushe, ga katin asibiti duk ya lanƙwashe. Can ƙasa kuma ga dabino uku a ƙulle cikin leda, waɗanda yake ajiyewa saboda in suga ya faɗi a hanya. Na riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya ina jerawa a zanen. Ba zan ɓoye muku ba, wannan shi ne mafi wuya a duk aikin, kuma na ji kewarsa kamar ranar ya tafi. Rifkatu ta juya baya ta tsaya tana duba tayar da ba abin da ya same ta, har sai da ta ji na fyace hanci.

"To, Sista, duba gefen dama. Akwai wani siririn hannu na roba da yana riƙe shi kada ya faɗo. Zare shi."

Na laluba na same shi, na ture shi gefe ya fita daga maƙalinsa. Sai ta ce in kama dirowar gefe da gefe in matsa ciki, don wasu 'yan kunnuwa da ke tokare ta su wuce. Na matsa a hankali, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Tsoro nake ji kada roba ta tsage in shiga uku.

"Matsa da ƙarfi mana! Ba jariri ba ne."

Na cije leɓe na matsa. Sai ji na yi ƙwas, dirowa ta sauko ta rataye, na ɗan ja ta fito gaba ɗaya a hannuna. Gaban motar ya zama wani baƙin rami, ga wayoyi ja da shuɗi a fili. Lokacin matan gida sun riga sun kewaye mu. Hajiya Ige ta dafe ƙirji ta saki salati.

"Luba! Mi kika yi haka? Kin hwarke cikin motar marigayi? Wallahi in Malam yag gani, ba ruwana!"

Ban ko ɗaga kai ba. A cikin ramin akwai wani dogon murfi mai maƙalai biyu. Na ɓalle na farko lafiya, na biyun ya yanke ni a bayan yatsa, na tsotse jinin na ci gaba. Rifkatu ta ce kafin in zaro filtar in duba gefenta, akwai 'yar kibiya da ke nuna inda iska ke bi, in riƙe yadda take kwance. Kibiyar tana kallon ƙasa. Na kama na ja. An ce mini farar takarda ce mai ninki-ninki, mara nauyi. Abin da ya fito baƙi ne wuluk, mai nauyi, yana danƙo kamar gindin tukunyar maɗi. Kafin kowa ya yi magana ƙanshi ya gauraye wurin. Turarena ne, na wata biyar, ya daskare a wuri ɗaya. Rifkatu ta shinshina, ta dube ni, ta fashe da dariya har sai da ta zauna a ƙasa.

Ana cikin haka Malam ya tashi daga karatun safe. Ya fito daga zaure, mata suka dare. Ya dubi dirowa a kan tabarma, ya dubi ramin, ya dubi jinin da ke yatsana. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗaga murya. Hannu kawai ya miƙo.

"Hajiya, alƙawali ya cika. Kawo makulli."

Rifkatu ta miƙe da sauri ta fara cewa ai ƙurar gari ce, kowace mota tana yi. Da na yi shiru da maganar ta wuce, don Malam bai san filta ba bare ya san launinta. Amma na yi mako uku ina ƙarya da gilashi, ban ga dalilin ƙara wata da baki ba. Na taɓa kafaɗarta ta yi shiru. Na rusuna, na miƙa masa abin da hannu biyu.

"Malam, ku shinshina."

Ya karɓa da yatsu biyu, ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Wanga ai turare na."

"Turarena na, Malam. Ni nit toshe ta da hayaƙi, ba ƙarhe yaƙ ƙi hannuna ba. Na san abin da yas same ta, kuma na san maganinai. Ku ba ni zuwa la'asar. In ba ta tashi ba, ni da kaina zan kawo makulli zaure."

"To, mi yak kai ki kunna wuta cikin mota?"

"Warin asibiti na nika kora. Duk sa'ad da nis shiga, sai in ji kamar yana nan gehena."

Mahaifinku ƙaninsa ne, shi ya yi masa wanka, shi ya sa shi a kabari. Idonsa ya sauka kan zanen da na jera gilashi da carbi, ya daɗe a wurin. Sannan ya miƙo mini filtar, ya goge yatsunsa da gefen riga.

"Zuwa la'asar," ya ce, ya juya.

Muka ƙulle tsohuwar a leda muka shiga motar da Rifkatu ta zo da ita zuwa wurin masu sayar da kayan gyara. Shago na farko suka ce babu. Na biyu ya kawo wadda ta fi tawa tsawo, ya rantse wai haka suke zuwa, in an danna za ta shiga. Na ɗora ta a kan tsohuwar na nuna masa yatsa biyu da ta yi saura, na ce ya danna wa wani. A na uku muka samu daidai. Mai shagon yana ta tambaya wane bakanike ne ya aiko mu, Rifkatu ta nuna ni ta ce ga shi nan tsaye da hijabi. Ba mu dawo gida ba sai bayan azahar, rana tana dukan ƙwaƙwalwa.

Sa sabuwar bai ba ni wuya ba. Na juya kibiya ƙasa, na tura ta shige sumul, na mayar da murfi. Mayar da dirowar ce ta so ta kunyata ni. Na zaunar da gindinta, na matsa gefe da gefe kunnuwan suka koma. Saura siririn hannun nan na roba, shi kuwa ya zame ya shige can ciki inda ido ba ya kaiwa. In ba a maƙala shi ba, duk wanda ya buɗe dirowa za ta faɗo masa a gwiwa, kuma na san Malam sai ya buɗe. Rifkatu ta haska da wayarta, ta leƙa ta sama, ta leƙa ta ƙasa, ba ta gan shi ba. Zufa tana shiga idona, inuwar dogon yaro ta riga ta koma gabas. Hajiya Ige, da ta ce ba ruwanta, ita ce tsaye a kaina tana yi mini fifita da maficinta. Sai ga ladan yana gyara murya.

Na ce Rifkatu ta kashe fitilar. Shekara talatin ina sa hannu inda ba na gani, in gane kai ne ko ƙafa, in juya abin da ya zo a karkace. Na rufe ido na zura hannu har wuyansa. Na wuce waya, na wuce wani ƙarfe mai zafi, sai ga shi a kwance a bayan wani tudu. Na kamo shi da yatsu biyu, na jawo a hankali, na laluba maƙalin da babban yatsa, na danna. Ya shiga. Na rufe dirowa, na buɗe, ta sauko a hankali kamar yadda take yi tun tana sabuwa.

Na zagaya na tayar da mota na murɗa esi. Iskar da ta fito sai da ta ɗaga mayafin Hajiya Ige, wadda ta cusa kai ta taga. Ta yi baya tana kabbara, matan gida suka ɗauki guɗa kamar mai naƙuda ta sauka lafiya. Ni kuwa na zauna ina dariya, hawaye yana zuba, sanyi yana dukan fuskata. Rabona da farin ciki irin wannan tun kafin mahaifinku ya kwanta. Sai dai a cikin sanyin na lura da wani abu da ya tsinka mini zuciya. Motar ba ta ƙanshin komai. Babu turare, babu magani, babu rigarsa. Abin da na yi wata biyar ina kora ya tafi, kuma da ya tafi sai na ji ina nemansa. Ban sake kai kasko cikin mota ba.

Da aka idar da salla Malam ya zo. Ya buɗe ƙofar gaba ya zauna a kujerar da ƙaninsa ke zama, ya ja ƙofa ya rufe. Jelar rawaninsa tana kaɗawa. Ya buɗe dirowa ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe. Daga nan ya ce alhamdu lillahi, ya fita ya shige zaure. Bai ce kawo ba, bai ce riƙe ba. Na kwana ban san matsayina ba.

Da safe ina shara sai na ji sallamarsa a ƙofar sashena. Shi da in yana son mutum aikawa yake yi, yau ga shi da ƙafarsa. Na ajiye tsintsiya na rusuna. Ya miƙo hannu kamar jiya, amma wannan karon akwai abu a ciki. Makullin motarsa ne.

"Hajiya, tawa ma kwana biyu iskanta ya yi rauni. Direba ya ce sai an kai ta gareji ta kwana. Ko ita ma tana da wagga aba bayan dirowa?"

"Tana da ita, Malam. Amma sai kun kwashe kayanku da kanku, ba ni taɓa takardun malamai."

Haka aka yi, kuma duk gidan shaida ne, ku tambayi wanda ya rage. Tasa dirowar tana da ƙusoshi huɗu, sai da na aro sukundireba. Mutumin da manyan gari ke cire takalmi kafin su shiga zaurensa ya tsaya a rana riƙe da murfin kwano, ina kwance ƙusa ina jefa masa a ciki, in na ce miƙo ya miƙo. Makullina yana ɗaure a bakin zanena, yana lilo a gabansa tun daga farkon aikin har ƙarshe. Bai tambayi makullin ba ran nan, kuma bai sake tambayarsa ba har ya koma ga Allah.